Ta'aziyyar Takarda Ba Ta Biyan Kuɗin Haya

 

Na san wannan rubutu ba zai yi wa wasu daɗi ba. Tun kafin in ɗora shi a shafi, wani babba da nake jin nauyinsa ya kira ni ya ce in dakata, irin wannan magana a ɗaki ake yin ta. Na ce masa, "Alhaji, Allah ya ƙara maka lafiya, zama uku muka yi a ɗaki, ni na riƙe biro a duka ukun. Duk sa'ad da aka zo kan maganar nan sai wani ya duba agogo ya ce lokacin salla ya yi." Shi ya sa na kawo ta nan, inda masu biyan kuɗin wata za su karanta da idonsu. Ba zan kama sunan mutum ko na ƙungiya ba. Abin da zan faɗa game da gidan marigayi kuwa, sai da na nemi izinin Hajiya ta bakin maiɗakina, ta ce in faɗa, wataƙila ya amfani wata. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Wata biyar ke nan da Allah ya karɓi ran tsohon shugabanmu, Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Duk wanda ya je gidan a makon farko ya ga taro. Motoci har bakin titi, kanofi uku, lasifika tun safe har isha'i. Ƙungiyoyi suka yi ta zuwa ɗaya bayan ɗaya: 'yan goro, 'yan shanu, 'yan gwari, direbobi, masu canji, matasa, 'yan garinsu, har da waɗanda sai ranar na fara jin sunansu. Kowace ta zo da takardarta mai tambari a sama da hatimi a ƙasa, da sa hannun shugaba da na sakatare. Takarda goma sha bakwai na tara a fayil ɗaya. Tamu ni na rubuta ta, kuma ba zan ɓoye ba, sakatarori biyu sun roƙe ni na tura musu ita ta WhatsApp, suka canza suna kawai suka buga. Duka goma sha bakwai ɗin da magana ɗaya suka rufe, cewa ƙungiya tana tare da iyali, ba za ta bari su yi kukan maraici ba. A bakin layi kuma an rataye bana huɗu. Ku koma ku duba hotunansu a wayoyinku. A uku daga ciki, hoton shugaban ƙungiyar da ta buga ya fi na mamacin girma.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne shiga cikin gida. Tawaga ta gama gaisawa da maza a waje, sai a ce a yi wa Hajiya magana, shugabanni za su shigo. Mace kwananta biyu da rasa miji, ido a kumbure, a sa ta gyara hijabi ta zauna a tabarma, maza goma sha su tsaya a kanta. Ɗaya ya karanta takarda, ɗaya ya miƙa ambulan ya riƙe gefensa har sai mai waya ya ce ya ɗauka. Kafin tawaga ta kai bakin mota hoton ya hau Facebook, mutane suna ta rubuta wa shugaba Allah ya saka da alheri. Ba wanda ya tambayi abin da ke cikin ambulan ɗin. Ni na sani, don ni aka sa in riƙa rubutawa. Wani ambulan ɗin ko kuɗin lemon da tawagarsa ta sha bai kai ba.

To wa ya ciyar da wannan taro? Gidan mamaci. Tukunya ba ta sauka daga murhu ba har kwana bakwai. Shinkafa, mai, nama, ruwan leda, hayar kanofi da kujeru, duk a kan iyali aka rubuta su, yawanci bashi daga shagunan maƙwabta. Aka sake wani taron ranar arba'in. Da aka kwashe kujeru aka kwance bana, sai layin ya koma shiru kamar ba a taɓa yin wani mutum a wurin ba.

Bayan arba'in da 'yan kwanaki na sa aka yi wa takardun nan bango mai kyau, na ɗauki maiɗakina muka kai wa Hajiya. A raina ina ganin na yi abin kirki. Ta karɓa ta bayan labule, ta yi godiya, ta yi shiru jim kaɗan, sannan ta ce, "Malam Sakatare, a cikin takardun nan akwai wadda zan nuna wa mai gidan haya?" Ashe kuɗin haya ya ƙare tana tsakiyar takaba, ejan ya kawo notis. An koro ƙananan yara biyu daga makaranta. Asusun marigayi na banki a rufe yake. Sarƙarta ta sayar ta biya masu shago bashin abincin da mu muka ci. Wallahi ban san yadda na fito daga gidan nan ba.

Ni ba malami ba ne, amma abin da zan faɗa kowane ɗalibin zaure ya karanta shi, malamanmu kuma su gyara mini in na karkace. Ta'aziyya ba wa mai rashi haƙuri ne da yi wa mamaci addu'a, kuma zaman makoki kwana uku ne ga kowa in ban da matar mamaci. Lokacin da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya yi shahada a yaƙin Mu'uta, shekara ta 8 bayan Hijira, ya bar matarsa Asma'u 'yar Umaisu da ƙananan yara, Annabi (SAW) umarni ya bayar a dafa abinci a kai gidan, saboda abin da ya same su ya shagaltar da su. Abinci daga waje yake shiga gidan mutuwa. Mu kuwa mun juya abin: mu ne ke zuwa da cikinmu, mai hawaye ita ke hura wuta.

Sai takaba. Alƙur'ani a Suratul Baƙara, aya ta 234, ya sa ta wata huɗu da kwana goma, mai ciki kuma sai ta haihu. A tsawon wannan lokaci mace ba ta kwana a wani gida, ba ta fita sai da lalura. Wato daidai lokacin da ya kamata a bi bashi, a je banki, a roƙi mai gidan haya, a ga shugaban makaranta, shi ne lokacin da ƙafarta take ɗaure. Ga kuma wani hukunci da yawancinmu ba mu lura da nauyinsa ba. A Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a kowane zaure, mai takaba ba ta da ciyarwa daga dukiyar mamaci, wurin zama kuma tana da shi ne in gidan mallakar mijin ne ko kuwa ya riga ya biya kuɗin hayarsa. Ku ɗora wannan a kan zamanmu na Kurmi. Mu nawa ne muke zaune a gidan kanmu a nan? Mafi yawanmu gininmu yana can gida, a Kano ko Sakkwato ko Katsina, nan kuwa haya muke biya shekara-shekara. Ranar da shekarar ta cika, matar da muka bari ba ta da rufin da za ta ce nata ne, alhali shari'a ta ce ta zauna wuri ɗaya.

Wani zai ce ai tana da gado. Gaskiya ne, mu lissafa shi. Suratun Nisa'i, aya ta 12, ta ba mata rubu'i in mamaci bai bar ɗa ba, tumuni in ya bari, wato ɗaya bisa takwas, kuma bayan an biya bashi an fitar da wasiyya. A ce abin da ya rage naira miliyan 8 ne. Tumuni miliyan 1 ke nan. In mata biyu ne, kowace dubu 500. In huɗu ne, dubu 250. Ku je ku tambayi ejan nawa ake ba da ɗaki biyu da falo a shekara yau a Badun ko Legas. Wannan ma in an raba gadon da wuri ke nan, in kuma an san inda dukiyar take.

A nan ne maganar ta fi ɗaci. Dukiyar ɗan kasuwarmu ba a banki take ba, a hannun mutane take. Tun da aka kafa Sabo a 1916, cinikin shanu da na goro a kan amana da bashi ya ginu. Mai kaya ya sauka wurin mai gida, dillali ya haɗa ciniki, mahauci ya kora sa ya biya daga baya, mai gida ya tsaya a tsakani. Har gobe haka muke yi. Tirelar albasa ta tafi da magana ɗaya a waya. Huhun goro goma ya fita da musabaha. Muddin mutum yana raye wannan tsari yana tafiya, don kowa yana jin kunyar idonsa. Ranar da aka binne shi, lissafin ya shiga kabari tare da shi, sai abin da ya rage a kan abokan cinikinsa. Su wane ne abokan cinikin nan? Mu ne. Mu da muka sa hannu a takardun ta'aziyya.

Babban ɗan marigayi ya tsinci wani ɗan littafi a aljihun rigar mahaifinsa, an rubuta da ajami, sunaye da adadi. Na gani da idona. Cikin sunayen akwai mutanen da suka jagoranci tawaga, akwai wanda ya karanta takarda da murya mai rawa har yana share ido. Waɗanda suke bin marigayi bashi tun kafin bakwai suka bayyana kansu, wasu har da shaidu. Waɗanda marigayi yake bi kuwa, a wata biyar mutum biyu kaɗai suka zo da ƙafarsu suka ce ga abin da ke wuyanmu. Allah ya yi wa waɗannan biyun albarka. Sauran ina tambayarku: da wane hannu kuka sa hannu a takardar da ta ce ba za ku bar marayu su yi kuka ba, alhali abincin marayun yana aljihunku? Aya ta 10 a Suratun Nisa'i ta yi bayanin makomar mai cin dukiyar maraya, ba sai na maimaita muku ba.

Ɗan abin da ke banki ma ba a ɗauko shi da takardar ƙungiya. Da zarar banki ya samu labarin mutuwa sai ya rufe asusu, kuma sunan ɗan uwan da mutum ya rubuta a fom ba ya sa a miƙa masa kuɗi. Sai an kawo takardar shaidar mutuwa, an je sashen gado na babbar kotun jiha an nemi takardar izinin kula da dukiyar mamaci, an biya kuɗi, an jira watanni. Oyo da Legas kuma ba su da kotunan shari'ar Musulunci na gwamnati irin na Kano, inda mace za ta aika wani ya shigar da maganar gado a unguwa. A nan in malamai da shugabanni ba su tsaya ba, ba mai tsayawa. Cikin ƙungiyoyi goma sha bakwai, da sakatarori goma sha bakwai masu iya Turanci da cike fom, ba ɗaya da ya tambayi Hajiya ko an fara neman wannan takarda. Ni ma ina cikinsu.

Kada wani ya ɗauka wannan ciwo namu ne mu kaɗai. Ya taɓa faruwa a gidan da ya fi gidan shugabanmu girma nesa ba kusa ba. Da aka harbe shugaban Amurka Abraham Lincoln a watan Afrilun 1865, saƙonnin ta'aziyya sun yi ta kwarara daga ko'ina a duniya: gwamnatoci, majalisun birane, ƙungiyoyin ma'aikata, da rassan ƙungiyoyin 'yan uwantaka irin na Firimesin daga Faransa da Italiya. Sarauniya Biktoriya ta Ingila da hannunta ta rubuta wa matarsa Mary. Gwamnati ta tattara saƙonnin ta buga su a ƙaton littafi, kamar dai fayil ɗina mai bango. Amma Lincoln, duk da lauya ne, bai bar wasiyya ba, rabon gadonsa ya ɗauki fiye da shekara biyu. A 1867 matar nan, da bashi ya sha mata kai, ta kai tufafinta da kayan adonta birnin Niyok don a sayar, jaridu suka mai da ita abin dariya. Sai a 1870, shekara biyar bayan mutuwar mijin, majalisa ta yanka mata fansho na dala 3,000 a shekara.

Shekara 16 bayan Lincoln, a 1881, aka sake harbe wani shugaban nasu, James Garfield. Wannan karon wani ɗan kasuwa, Cyrus Field, ya buɗe asusun taimako, jama'a suka tara sama da dala 300,000 aka ajiye wa matarsa Lucretia da 'ya'yansu biyar. Ƙasa ɗaya, irin mutuwa ɗaya, takardun ta'aziyya a duka biyun. Bambancin kawai shi ne a karo na biyu an samu wanda ya tashi ya ce a haɗa da kuɗi, a kuma damƙa su inda za su amfani iyali. Mu da addininmu ya koya mana wannan tun kafin a san da wata Amurka, me muke jira?

Na ji amsoshin da ake bayarwa, bari in bi su ɗaya bayan ɗaya.

An ce marigayi babban mutum ne, dole a girmama shi. Na yarda. Na yi aiki a ƙarƙashinsa shekaru, na san dare nawa ya kwana a ofishin 'yan sanda yana belin yaranmu, na san gawa nawa ya tsaya aka yi wa sutura da kuɗin aljihunsa. Amma mutumin da ke kabari bana ba ta isa gare shi. Addu'a ke isa gare shi, da biyan bashinsa, da rufin asirin waɗanda ya bari. In 'ya'yan mutum suna zaune a gida saboda kuɗin makaranta, wane girma ne ya rage masa a bakin layi?

An ce in ba mu yi taro ba, maƙwabtanmu Yarbawa da Ibo za su raina mu. To ai kanofi da bana da anko a wurinsu muka gani muka kwaikwaya, muka bar abin da ya fi amfani. Ku tambayi duk wani ɗan Ibo da kuke kasuwa tare da shi yadda ƙungiyar garinsu take yi in mamba ya mutu: akwai kuɗin da aka yanka wa kowa, akwai littafi, akwai abin da aka san zai shiga hannun iyali. Su ma suna kuka da tsadar bikin binnewa, amma ko ba komai an rubuta haƙƙin mai rashi. Sannan in raini ake gudu, wa ya fara sanin halin da Hajiya take ciki? Mai gidan haya, da mai shago, da shugaban makaranta. Duk ba Hausawa ba ne. Sun ga motocinmu a makon farko, sun ga notis a wata na biyu. Wane raini ne ya wuce wannan?

An ce kula da matar mamaci aikin dangi ne. A gida, haka ne. A nan dangi suna can bayan tafiyar yini da kwana a mota, sun zo sun yi bakwai sun koma, wani ma abin da ya kawo shi makullin shago ne. Ai don babu dangi kusa muka kafa ƙungiya tun farko. A Kurmi ƙungiya ita ce wa, ita ce ƙane, ita ce kawu. In kuwa mun yarda ba aikinmu ba ne, to mu daina rubuta alkawari a takarda. Alkawari kaya ne, kuma wanda aka yi wa mace mai takaba da hatimi a ƙasa za a tambaye mu shi.

An ce babu kuɗi a asusu. An samu na hayar bas. An samu na buga bana da fosta. An samu na mai ɗaukar bidiyo. Wata ƙungiyar har shadda iri ɗaya ta ɗinka wa tawagarta. Ku tara waɗannan kuɗaɗe na ƙungiyoyi goma sha bakwai wuri ɗaya ku gaya mini ko ba za su biya hayar shekara ba.

An kuma ce ina tona asirin gidan mutane. Asirin da ejan ya riga ya manna a ƙofa? Abin da nake tonawa namu ne, ba na Hajiya ba. Ita ba ta yi abin kunya ba. Ta yi takabarta, ta biya bashin da ba ita ta ci ba, ba ta je ƙofar kowa roƙo ba.

Gaskiyar da kowa ya sani ba a faɗa ita ce, rabin tawagogin nan ba don mamaci suka zo ba. Kujera ta zama babu kowa, kowa yana so a ga yawan mutanensa da girman motarsa. Gidan makoki ya zama filin kamfe, matar mamaci ta zama abin jingina hoto. Shaidar haka a fili take. A cikin watannin nan biyar mun rasa wani ɗan acaba mai biyan kuɗin watansa ba fashi, ya bar mata da goyo. Takarda nawa aka kai mata? Ko ɗaya. Bayan rikicin kasuwar Shasha na Fabrairun 2021 mun ga tawagogi har da gwamnoni daga Arewa. Yau a cikinmu sakatarori, wa zai iya buɗe littafi ya nuna sunayen matan da suka rasa mazajensu, da inda suke, da abin da 'ya'yansu suke ci? In matar shugaba ta samu takarda goma sha bakwai ba ta samu kuɗin haya ba, ku auna halin matar mai tura baro.

Ba ƙorafi kaɗai na zo da shi ba. Ga abin da zan gabatar a babban zama na ƙarshen wata, ina roƙon kowa ya zo ya goyi baya ko ya kawo wanda ya fi shi.

Na ɗaya, in an yi rashi takarda ɗaya ta isa, da sunan al'umma gaba ɗaya. Babu bana, babu fosta, babu anko. Abin da kowace ƙungiya ta saba kashewa a kansu ta kawo shi asusun iyali, a ba ta rasit.

Na biyu, tawagar maza ta tsaya a waje wurin maza. Cikin gida na mata ne, iyayenmu mata su shiga a madadinmu. Duk wanda ya ɗauki hoton mai takaba ya sa a intanet a ci shi tara, kuma hotonsa ba zai hau wannan shafi ba.

Na uku, kwana ukun farko ƙungiyoyi su raba girki a tsakaninsu. Kada a ɗora tukunyar baƙi a gidan mutuwa.

Na huɗu, kafin kwana bakwai a naɗa mutum uku, liman a cikinsu, su tattara lissafin abin da ake bin mamaci da abin da yake bi, a rubuce, a ba iyali kwafi. Wanda ya san akwai haƙƙin mamaci a wuyansa ba zai jagoranci tawaga ba sai ya bayyana shi. In ba shi da halin biya yanzu, ya faɗa, a rubuta, a sa masa lokaci. Rashin kuɗi ba laifi ba ne, ɓoyewa ce laifi.

Na biyar, a ware wani kaso daga kuɗin wata a buɗe asusun takaba: abinci na wata huɗu da kwana goma, cikon haya in ta ƙare a cikin wa'adin, da kuɗin makaranta na zango ɗaya. A damƙa shi a hannun matar ita kanta ko asusunta, ba hannun ƙanen miji ba. Kuma adadi ɗaya ne ga matar shugaba da matar mai gadi.

Na shida, ofishin sakatare ya ɗauki nauyin bin takardar mutuwa da takardar kotu tare da babban ɗa ko wakilin iyali, har kuɗi su fito. Wannan aikina ne, na kasa yin sa da wuri, na fara shi yanzu.

Na bakwai namu ne mu masu rai. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Mu rubuta. Da boko ko da ajami, a littafi ko a waya. Mu gaya wa matanmu inda littafin yake, da bankin da muke ajiya, da ranar da haya za ta ƙare. Rubuta wasiyya ba ya jawo ajali. In ka ga gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Game da ɗan littafin marigayi, yana hannun liman yanzu. Ba za a karanta sunan kowa a shafi ba, ba za a karanta a lasifika ba. Ƙofar liman a buɗe take daga yau har ranar zama, kowa ya san kansa, ya je cikin dare ma in ya ga dama. Bayan ranar kuwa, kwamiti ne zai bi mutum har rumfarsa.

Ni kuma na yi wa kaina alkawari a gabanku: ba zan ƙara rubuta takardar ta'aziyya da sunan ƙungiya ba sai an gaya mini abin da zai bi bayanta, nawa ne, kuma hannun wa zai shiga. In dattawa sun ga wannan rashin ladabi ne, biro da hatimi naku ne, ku karɓa ku ba wani, ba zan yi jayayya ba. Amma duk wanda ya karɓa ya sani wata rana tasa takardar za a rubuta, tasa matar za a sa ta zauna a tabarma. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya daidaita mai ɗawainiya da matar da mijinta ya mutu da mai jihadi saboda Allah. Wannan lada tana nan a layinmu, tafiyar minti biyar daga masallaci, mun bar ta muna rububin shiga hoto.

Wanda maganata ta ɓata wa rai ya yafe mini, ba da mutum nake ba, da ɗabi'a nake, kuma ni ne farkon mai laifi. Allah ya jiƙan shugabanmu da sauran mamatanmu, ya ba Hajiya da duk masu takaba haƙuri, ya raya marayu, ya rufa mana asiri duniya da lahira. In tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani, ya kuma bar iyalanmu a hannun masu amana.

Wassalam.

Naku,
Sakataren ƙungiya